Ruwan Jego a Hawa na Uku

Talatu tana tsakiyar kasuwar Filinge tana cinikin kanwa, wayar da ta ƙulle a bakin zane ta yi ƙara. Surukinta Kailu ne daga Yamai. Sai da ya gaishe ta sau uku, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya sa ya kira: Ramatu ta sauka lafiya da hantsi, an sami namiji.

"Madalla," in ji Talatu. Ta mayar da wayar inda take, ta ce wa mai kanwa ya ƙara mata tiya guda.

Ramatu ce autarta. A ƙasarsu ta Kurfai haihuwar fari gida ake komowa a yi ta, a yi wankan jego a gaban uwa har kwana arba'in su cika. Amma tun cikin yana wata bakwai likita ya ce jinin Ramatu yana hawa, kada ta yi nisa da asibiti, ga hanya kuma a shekarun nan ba kullum take da daɗin bi ba. Shi ya sa aka tsayar da magana a kan Talatu ce za ta je.

Da ta koma ƙauye ta ba mijinta Maidawa labarin. Ya kama jan zakara ya yanka a gindin tsamiyar bayan gida, kamar yadda ubansa yake yi duk lokacin da aka sami ƙaruwa, sannan ya ɗauki gatari ya shiga daji. Da yamma ya dawo da ɗaurin sabara da saiwoyi iri biyu. Talatu ta haɗa su da surfaffen gero, da kanwa, da dakakken yaji, da babbar tukunyar dalma wadda da ita ta yi wa ƴaƴanta mata da matan ƴaƴanta wanka. Kashegari amalanken jaki ya kai ta Filinge. Direba ya yi ta ƙorafi a kan tukunyar kafin ya ɗaure ta a saman mota.

Kailu ya tarye ta a tashar Wadata. Dogo ne, marar yawan magana, yana aikin awon filaye a wani ofis. Ya durƙusa ya gaishe ta a cikin hayaniyar tasha, ita kuma ta kau da kai gefe ta amsa. Taksi ya kai su unguwar Bukoki, ya tsaya a gaban wani gidan bene a bakin kwalta. Ƙasan gidan shaguna ne, akwai tela, akwai mai gyaran waya, da mai sayar da tayoyi, da kantin magani. A sama kuma hawa huɗu, kowane hawa iyali uku, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Su Kailu suna hawa na uku.

Talatu ta tsaya sau biyu a kan matakala tana mayar da numfashi. A tsayawa ta biyu wani mutum mai jaka ya zo saukowa. Ta fara gaishe shi, amma kafin ta kai ga tambayar iyali ya riga ya sha kwana.

"Wane ne wanga?" ta tambaya.

"Maƙwabcinmu ne, Inna. Ƙofarmu na kallon tashi."

"Mi as sunanshi?"

Kailu ya ce, "Ban sani ba, Inna."

Gidan nasu salo guda ne, wato falo, da ɗaki biyu, sai madafa wadda mutum biyu ba sa juyawa a cikinta, da makewayi ɗaya, da balko, wato ɗan baranda mai kallon titi. Ramatu tana zaune a bakin gado da jinjiri. Talatu ta karɓe shi, ta duba cibi, ta duba yatsu, ta mayar mata. Daga nan ta zagaya gidan tana leƙe-leƙe, ba ta daɗe ba ta dawo.

"Auta, ina murhu?"

Ramatu ta nuna mata gaz mai kai biyu.

"Ina tsakar gida?"

"Babu, Inna. Abin da kinka gani shi ne duka."

Tukunyar ta fi ƙarfin gaz ɗin. Da aka ɗora ta sai ta rufe kawunan biyu, ta yi gefe kamar za ta kife. Ramatu ta ɗauko wata farar buta mai igiya, ta ce in an sa ta a kuran, wato wutar lantarki, minti biyar ruwa yake tafasa, sai a yi ta juyewa a bokiti. Talatu ta jujjuya butar a hannu ta ajiye.

"Wagga ta shayi ce," in ji ta. "Ruwan da bai ji itace ba ba ya shiga jiki."

Da safe ta sa aka sayo itace. Ta jera duwatsu uku a balko a kan wani tsohon faranti, ta hura wuta. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya turnuƙe ya yi sama. Ruwa bai ko fara ɗumi ba aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. Wata mace ce mai kamar shekara arba'in da biyar, da tabarau, riƙe da fararen riguna biyu da ta kwaso daga shanya. Ba ta dubi Talatu ba. Ta yi wa Ramatu magana da Faransanci, da sauri, tana ɗaga rigunan, sannan ta juya ta hau sama.

"Madam Dijatu ce ta hawa na huɗu," in ji Ramatu. "Aikin jinya take. Ta ce kayan aikinta duk sun yi warin hayaƙi, kuma an hana hura wuta cikin gidan ga. Ta ce in anka sake za ta kira wakilin mai gida."

Talatu ta kashe wutar. Ta ɗaura gyale ta hau har ƙarshen matakala don ta ga rufin gidan, ta tarar da kwaɗo a ƙofar. Ta sauko har ƙasa wurin gardi mai gadin gidan, wani dattijo mai suna Musa, mutumin Bankuku, wanda yake wuni a kan benci a bakin ƙofa. Ya saurare ta da kyau. Ya ce makullin rufi yana hannun mai gida, mai gida kuma yana Kwatano, shekara biyu ke nan bai ga idonsa ba. Da ya ga ba ta da niyyar tafiya sai ya nuna mata bayan gidan da haɓa.

A lungun bayan gidan wata Bazabarma mai suna Habsa take sayar da shinkafa da wake da dambu. Murhu uku gare ta a ƙarƙashin rumfar kwano. Talatu ta yi mata gaisuwar "fofo" da ɗan Zabarmancin kasuwa da ta iya, Habsa ta amsa mata da Hausa. Da ta ji maganar jego ce ba ta ja zance ba. Ta ce murhun gefe yana hutawa daga ƙarfe tara na safe, yana kuma hutawa bayan la'asar, Talatu ta zo da itacenta.

Haka wankan ya kankama. Safe da yamma Talatu tana cika tukunya a famfon ƙasa, don ruwa ba ya hawa sama sai da sanyin safiya. Ta jefa sabara da saiwa, ta zauna a kan turmin Habsa har ya tafasa. Sannan ta ɗiba a bokiti, rabi da ɗan ɗori, ta hau da shi. Sawu huɗu take yi kowane wanka. A makewayi ta zaunar da Ramatu a kan kujera ƴar tsugunne, ta tsoma ganye a ruwan tana fyaɗa mata a baya da ciki da cinya, tururi ya cika wurin har ba a ganin madubi. Ramatu tana cije leɓe, wani lokaci ta ce, "Inna, ya yi zahi," Talatu ta ce haka ake so. Bayan wanka kunun kanwa ya biyo baya. Shi ɗin a gaz take dama shi, ba ta ga laifin gaz a kan kunu ba.

Abin da ya fi matakala wuya shi ne zama gida ɗaya da suruki. A ƙauye suruki yana iya shekara bai ga uwar matarsa tana cin abinci ba. A nan taku uku ne tsakanin ɗakinta da nasu, makewayi kuma ɗaya. Kailu ya koyi yin gyaran murya kafin ya buɗe ƙofa. Talatu ta koyi gane ƙarar makullinsa, da ta ji sai ta rufe kwanon abincinta ta shige ɗaki. Da safe ba ta shiga makewayi sai ya fita aiki, ko da ta matsu. Shi kuma ya koma cin tuwonsa a ƙasa tare da Musa a kan benci. Sau ɗaya ya same ta a kan matakala da bokiti, ya miƙa hannu zai karɓa.

"Bari, bari," ta ce tana kallon bango. "Ba aikinka ba ne."

Ya matsa ya ba ta hanya.

Ranar suna aka kafa rumfar tanti a bakin titi, aka tare rabin kwalta da kujerun roba. Motoci suna ta oda suna raɓawa. An yanka ragon a lungun Habsa, liman ya raɗa wa yaro Habibu, aka raba goro da dabino. Kafin ƙarfe goma maza sun watse, masu tanti sun zo naɗe kayansu don akwai wani sunan da ke jiransu a wata unguwa. Daga cikin mutanen gidan, biyu ne suka tsaya suka yi barka. Sauran sun wuce ta gefen rumfar da jakunkunansu. Talatu ta zuba nama a kwanoni ta bi ƙofofi goma sha ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Shida aka buɗe mata. Wata yarinya mai aiki ta karɓa ta tsakanin sarƙar ƙofa, ta ce madam ba ta nan.

A kwana na goma sha biyu ruwan makewayi ya daina wucewa. Kafin azahar sai ga matar hawa na biyu ta hawo a fusace, ta ce ruwa mai kore-kore yana ɓulɓulowa a nata makewayin, ya malalo har salo. Aka kira mai gyaran famfo. Ya kwance bututu a ƙasa, ya zura ƙarfe, ya yi ta jawo curin ganyen sabara yana tarawa a gaban kantin magani. Mutanen gidan da suka dawo cin abincin rana suka tsaya a kansa. Ranar ce Talatu ta fara ganin su a wuri ɗaya. Ba wanda ya ambaci sunanta, amma duk wanda ya dubi ganyen sai ya ɗaga kai ya dubi hawa na uku.

Da yamma wakilin mai gida ya aiko da takarda. Kailu ya karanta a tsaye, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ramatu ta so ta yi magana, ya girgiza mata kai. Kashegari ya dawo da ƴar rariya ta ƙarfe, ya ɗora a bakin magudanar makewayi, ya fita. Talatu ta gane. Daga ranar take tsince ganye ɗaya bayan ɗaya bayan kowane wanka, ta sauko da su a leda.

Ranar kwana goma sha tara, wajen ƙarfe tara da rabi, tana sawu na uku. Mutumin nan mai jaka yana tashi daga gidan a ranar, an yi masa canjin wurin aiki, ƴan dako biyu suna saukowa da firigonsa, wato firiji. A kwanar da ke tsakanin hawa na ɗaya da na biyu suka yi kiciɓis. Na gaba yana tafiya da baya, bai gan ta ba. Ta ja da baya don ta ba su hanya, diddigenta ya sauka a gefen matakala inda ruwa ya ɗiga tun sawun farko. Ta zame ta zauna, bokitin ya kife a kan ƙafarta ta hagu, daga ƙwauri har yatsu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce "Wayyo" sau ɗaya, ta riƙe ƙarfen matakala. Ƴan dakon suka tsaya da firigo a hannu, sun rasa inda za su ajiye shi. Musa ya taso yana salati, Habsa ta shigo da gudu da ɗanyen ƙwai biyu a hannu, tela yana cewa a kawo gishiri.

"Kada wanda ya sa mata komi!"

Madam Dijatu ce take saukowa za ta tafi aiki. Ta ajiye jakarta a kan matakala, ta ce Habsa ta kama ɗaya hannun. Suka sauko da Talatu zuwa famfon ƙasa. Ta zaunar da ita a kan bencin Musa, ta buɗe ruwa a kan ƙafar, ta duba agogo. Talatu ta so janyewa, ta danne mata gwiwa.

"Ki bari, Inna. Minti ashirin za ki yi a haka."

Talatu ta dube ta. "Ashe kina jin Hausa."

"Ni ɗiyar Dogon Dutsi ce," in ji Madam Dijatu, ba ta ɗago ba.

Ita ta kira Kailu a waya. Ya zo da taksi, suka tafi asibiti tare. Aka wanke ƙunar, aka shafa magani, aka naɗe ƙafar har gwiwa. Likita ya ce ba ta yi zurfi sosai ba sai a bayan ƙafa, amma kada ta taka har mako biyu, a riƙa ɗaga ƙafar a kan matashi.

Da taksi ya dawo da su ƙofar gida, Talatu ta zauna a bakin mota tana kallon matakala. Ta gwada tsayawa da ƙafa ɗaya, ta koma ta zauna. Musa tsoho ne. Ƴan dako sun tafi. Madam Dijatu ta wuce wurin aikinta daga asibiti. Kailu ya tsaya yana juya makulli a hannu. Can ya miƙa wa Musa makullin da wayarsa, ya zo gabanta ya juya baya ya tsuguna.

"Inna, ki yi haƙuri."

Ta daɗe ba ta motsa ba. Mai taksi ya yi oda. Sai ta ja gyalenta ta rufe fuska gaba ɗaya, ta dafa kafaɗunsa. Ya hau da ita a hankali, yana tsayawa a kowace kwana. Tana jin numfashinsa, tana jin rigarsa ta jiƙe. Ramatu ta buɗe ƙofa, ta gan su, ta koma ciki da sauri ta gyara doguwar kujerar salo. Ya sauke ta a kai ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba. Daga baya, daga shi har ita, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Zama ya juya. Maijego ce yanzu take dafa abinci, ta kawo wa uwarta ruwan wanke hannu, ta rakata makewayi tana dafe da kafaɗarta. Wanka kuma Ramatu ta koma yin abinta da farar buta, ta juye sau uku a bokiti, ta surka. Talatu tana kwance tana jin ƙarar butar. Kwana biyun farko ta yi magana, ta ce a ƙara zafi, a sa ganye. A na uku ta yi shiru. Aka kwantar mata da Habibu a gefenta, ita ke jijjiga shi in uwar tana madafa. Tun da ba ta iya guduwa ɗaki, Kailu ya riƙa shigowa ya gaishe ta daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya wuce. Wata rana ya same ta da loma a hannu. Ta tsaya, shi ma ya tsaya, sannan ta kai lomar baki.

Madam Dijatu tana biyowa duk yamma in ta taso, ta kwance ƙafar, ta wanke, ta sake naɗewa. Hannunta da sauri, bakinta ba wasa. Ta ce wa Talatu tafasasshen ruwan nan da kunun kanwa su ke kumbura zuciyar mata masu jego, ta ga irinsu da yawa a gadon asibiti, balle mai hawan jini kamar Ramatu.

"Takwas na haihwa," in ji Talatu. "Duk haka anka yi mini. Ga ni."

"Waɗanda ba su nan ba su iya zuwa su ba da nasu labari, Inna."

Talatu ba ta yarda ba. Amma da Ramatu ta rage kanwa a kunu ta ɗanɗana ta ji, ba ta ce a ƙara ba. A hankali hira ta shiga tsakaninsu. Madam Dijatu shekara shida ke nan a gidan. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana karatu a Maroko. Ta ce tana son gidan don in ta rufe ƙofarta ba mai tambayarta inda ta je ko wa ya zo wurinta. Talatu ta ce to in ta kwanta ciwo fa? Ta ce akwai waya.

Habsa ta hawo sau ɗaya da kwanon dambu. Ta iso tana haki, ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa kujera. Ta ce shekara tara tana sayar da abinci a gindin gidan nan, rabin mutanensa ta san abin da kowa yake so a zuba masa, amma yau ce ranar farko da ta taka hawa na uku. Ta leƙa ta tagar madafa, ta ga rufin rumfarta daga sama, ta yi dariya ta ce ashe duk tsatsa ne.

Da ƙafar ta fara sauƙi Talatu ta koma wuni a balko a kan tabarma, da Habibu a cinya. Daga nan ana ganin titi har mahaɗa. Motoci da babura ba sa yankewa, masu tura ruwa da masu tallar mangwaro suna kutsawa a tsakaninsu. Ta gane lokacin fitar kowa a gidan da lokacin dawowarsa. Ta gane matar hawa na biyu tana da ciki, tun kafin Ramatu ta lura. Ta ga sababbin da suka kama gidan mai jaka ranar da suka zo da kayansu, wasu miji da mata ƴan Agadas, ta aiki Ramatu da kunu ta ce ta tambayo sunansu. Ramatu ta ce ba a haka a nan. Talatu ta ce ta je dai. Ta je, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ana kwana talatin da takwas Maidawa ya kira. Ya ce an yi ruwa a daren jiya, ƙasa ta jiƙu kamu guda, mutane sun fita shuka. Bai ce ta dawo ba. Ya tambayi yaro, ya tambayi ƙafa, ya kashe.

Ranar arba'in Ramatu ta yi kitso da lalle, ta goya Habibu za ta gaida dangin mijinta. Talatu ta sauka tare da ita, tana riƙe da ƙarfe, tana sa ƙafar dama a gaba. Ta yi sallama da Musa da Habsa. Madam Dijatu tana wurin aiki, amma ta bar mata magani a leda da saƙon kada ta bar rana ta bugi tabon. Kailu ya kai ta tasha, ya samar mata kujerar gaba don ta miƙe ƙafa, ya durƙusa a gefen mota ya yi mata sai wata rana. Wannan karon ta dube shi.

"Allah shi yi maka albarka," ta ce. "Ka kula da su."

Motar ta bi ta Balleyara da Bankuku. Ko'ina gefen hanya mutane ne a gonaki, maza a gaba da sungumi, mata da yara a baya. Ta isa Filinge bayan azahar, ta sami amalanken garinsu a bakin kasuwa.

Maidawa yana gyaran ƙotar sungumi a ƙofar gida. Ya dubi ƙafar, fata ta yi fari-fari daga idon sawu zuwa yatsu.

"An cika arba'in ɗin?" ya tambaya.

"An cika."

"Ke kinka yi mata duka?"

"Sha tara na yi. Sauran ita ta yi abinta."

Ya ɗan jinjina kai. "Lahiya take?"

"Lahiya lau. Ta yi ƙiba ma."

Ya koma kan sungumi. Matan maƙwabta suka shigo yi mata barka da zuwa, suna tambayar Yamai. Ta ce Yamai tana nan, da mutane da yawa. Ta raba musu sabulu da dabinon suna.

Kashegari da sassafe ta ɗauki ƙwaryar iri ta bi Maidawa gona. Yana sara tana jefa gero tana rufewa. Da diddigen hagu ta saba rufe rami tun tana yarinya, yanzu sai da na dama, don haka ta riƙa yin baya. Ya kai ƙarshen layi ya tsaya yana jiranta. Gonar da suke gamawa a kwana biyu, bana kwana uku ta ɗauke su.